Tambaya: babbar riga ta ƙi zama a jikin jarumina

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Ina Agege, mu shida ne muke haɗa dogon fim ɗin katun, ni aka ɗora wa zanen farko, wato fitar da kamannin 'yan wasa a Krita (manhajar zane) kafin a gina su a Blender (manhajar ƙera siffofin 3D da motsa su).

Jarumin dattijo ne mai sayar da goro. Ta gaba yana da kwarjini: babbar riga mai aska takwas, hula zanna, haƙora sun rine da goro. Amma da na juya shi gefe ko baya, sai ya koma kamar buhun gero. Na cike shi da baƙi don in gwada inuwarsa, wallahi ba a bambanta shi da limamin da ke cikin labarin.

Mai gina shi kuma ya ce ninkin kafaɗar ya yi yawa, kwamfutarsa ba za ta iya motsa yadin a hoto 24 kowace daƙiƙa ba. Mako uku ke nan muna kai ruwa rana.

In rage rigar zuwa kaftani ne, ko in bar bambancin a tsayuwarsa da kwandon goron? Wanda ya taɓa cin karo da wannan, don Allah ya taimaka.