Neman kalma: yabon kai da kushe wani a addinin Buddha

1/ Jama'a, ku taya ni. A littafin Brahmajala na mabiya Buddha, wanda ake cewa wani malami mai suna Kumarajiba ne ya mayar da shi Sinanci a shekarar 406, akwai manyan dokoki 10 da ƙanana 48. Ta bakwai cikin manyan harafi huɗu ce kacal: zi zan hui ta, wato kai, yabo, rushewa, wani; ita ce ta hana yabon kai da kushe wani. Me za mu kira ta da Hausa?

2/ Fariya da cika baki sun ɗauki rabi ne kawai, don mutum na iya cika baki bai taɓa kowa ba. Gulma ma ba ta shiga, tunda doka ta shida ce ta hana yaɗa laifin 'yan'uwa a addini.

3/ Na so in ce kirari. Ɗan dambe yana wasa kansa, yana tsiya ga abokin karawa, duk a numfashi ɗaya. To amma kirari abin tafi ne a wurinmu, har kuɗi ake liƙa wa mai yi. Ba a yi wa laifi suna da shi.

4/ Abin lura shi ne Sinawa sun ɗaure ayyukan biyu wuri guda. A koyarwar malami Asanga na Indiya, wadda mutanen Tibet suka riƙe, wannan ne na farko cikin manyan abubuwan da ke warware alkawarin da mabiyi ya ɗauka a addini, an kuma faɗi tushensa: kwaɗayin abin hannu da girma. Malami ne zai rage darajar wani malami don almajirai da kyauta su juyo wajensa. Kushen tsani ne, yabon shi ne hawan. Brahmajala ta ma ƙara da cewa ka ja aibi kanka, ka bar wa wani alheri.

5/ Shi ya sa na tsaya a kan taka-wani-ka-hau, ginin su kashe-mu-raba. Kunnen Bahaushe zai kama shi, tunda ya saba da "laifi tudu ne".

6/ "Doka" ma ba ta kwanta mini ba. A ɗariƙar Soto ta mabiya Buddha a Japan mutum ne ke karɓar waɗannan manyan goma a gaban malaminsa, cikin guda 16 da yake ɗauka. Alkawari ya fi dacewa. Ke nan: alkawarin barin taka-wani-ka-hau.

7/ Raunin sunan na gani: babu "yabo" a cikinsa. Karon farko zan rubuta "yabon kai da kushe wani", daga nan in ci gaba da gajeren, sai in wani ya kawo wanda ya fi shi.