Kujerar Majalisar Wakilai mai zafi: inda ƙuri'a take zubewa

Mai buɗe zance: Jama'a, waɗanda suka yi aikin rumfar zaɓe ko tattara sakamako a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, ku taimaka. Kujerar Majalisar Wakilai ba ta da sharaɗin kashi 25 cikin ɗari irin na gwamna, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya shi ya ci. To a mazaɓar da 'yan takara biyu suke kankankan, a ina ake asarar kujera?

Ejan na rumfa: Malam, tun kafin ranar zaɓe ake fara asara. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa sunayen ejan-ejan aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Wanda ba shi da katin shaida na INEC ɗan kallo ne, ba zai sa hannu ba, ba za a ba shi kwafi ba. Ranar kuma ka isa kafin 8:30 na safe. A nuna maka akwati ba komai, a nuna maka BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, tana kan sifili. Ka duba takardar sakamako da idonka: ta Majalisar Wakilai EC8A(II) ce, ta Sanata EC8A(I), kuma lambar rumfarku ce ya kamata ta kasance a jiki. Ana haɗa kayan wata rumfa da na wata tun daga inda ma'aikata suka kwana, sai an zo rubuta sakamako da dare a gane.

Tsohuwar jami'ar rumfa: Ƙari kan wannan. Kowace ƙuri'a sai shugaban rumfa ya buga mata hatimi a baya, ya sa hannu da kwanan wata kafin ya miƙa. Idan layi ya yi tsawo, 'yan bautar ƙasa sukan gaji su tsallake wasu, waɗannan ne ake rigima a kansu wajen ƙirga. Sai naɗi: tawada ba ta bushe ba a ninke takarda ta kwance, tabon ya koma kan wata jam'iyya. Ku koya wa tsofaffi su naɗe ta a tsaye. Akwati uku ne ranar, ja na shugaban ƙasa, baƙi na Sanata, kore na Wakilai, kuma mutane suna jefawa a inda bai dace ba, don haka kada ejan ya yarda a rufe lissafin kore ba a duba sauran biyun ba. Ƙarfe 2:30, lokacin rufe rumfa, ba ta korar wanda yake kan layi.

Ejan na rumfa: Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma kana da haƙƙin neman a sake ƙirga, amma sau ɗaya tak. Kada ka ɓarar da shi cikin hayaniya, bari a gama ware lalatattu tukuna.

Mai tattarawa a gunduma: Ni a ganina duk waɗannan ƙanana ne idan aka gwada da aringizo. A da ana auna ƙuri'u da yawan masu rajista, a 2023 kuwa sashe na 51 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce da yawan waɗanda BVAS ta tantance. A ce an tantance mutum 312, ƙuri'un akwati masu kyau da lalatattu suka kai 315, rumfar ta tafi gaba ɗaya. Abin takaici, galibi a inda ɗan takara ya fi ƙarfi hakan yake faruwa, saboda magoya baya suna matsa wa ma'aikaci ya ba wanda na'ura ta ƙi fuskarsa da yatsansa ƙuri'a. Mutum uku sun jawo an zubar da ɗari uku. Idan na'ura ta tsaya, a kira mai gyara na gundumar. In ba a samu wata na'urar ba, dokar 2022 ta ce a sake zaɓen rumfar cikin awa 24.

Wurin da lamba take sauya kama shi ne lokacin kwafa daga EC8A ta rumfa zuwa EC8B ta gunduma, tsakar dare, da fitilar waya. 171 ta koma 117, ko a sa ƙuri'un wata jam'iyya a layin maƙwabciyarta. Ba kullum mugunta ba ce, gajiya ma tana yi. Ejan ɗin gunduma ya zo da kwafin kowace rumfa a jere bisa lamba, da kalkuleta da tocila, yana bi layi-layi ana karantawa. Wanda ya zo hannu rabbana ba shi da abin da zai yi musu da shi.

Mai buɗe zance: Ranka ya daɗe, yaya lissafin zaɓen da bai kammala ba yake?

Mai tattarawa a gunduma: Ana gwada tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu da yawan waɗanda suka karɓi katin zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, waɗanda aka rubuta a EC40G. A ce tazara 1,900 ce, katunan rumfunan da aka soke 2,400, baturen zaɓe ba zai bayyana kowa ba. Haka kujerun Sanata uku na Sakkwato suka jira har 15 ga Afrilu 2023. Shi ya sa wanda yake baya yakan so a tashi hankali a rumfuna kaɗan, wanda yake gaba kuma ya kamata ya fi kowa hana yaransa faɗa.

Lauyan zaɓe: Bari in gyara wani abu da ejan-ejan suke yi. Ƙin sa hannu ba ya soke sakamako, abin da yake jawowa kawai ka tafi ba kwafi. Karɓi kwafinka, ka tabbata hatimi da sa hannu sun fito, ka ɗauki hoton EC60E, takardar sakamakon da aka liƙa a bango, ƙorafinka kuma ka rubuta shi a takarda. Kwana 21 ne shigar da ƙara daga ranar bayyana sakamako, kotun zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma shari'ar kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Kwana 21 ba sa isa a fara neman ejan ɗin da ya kashe waya. Mai zargin aringizo yana buƙatar rajistar masu zaɓe, bayanan BVAS da EC8A na kowace rumfar da yake ƙorafi a kai, a kwafin da INEC ta tabbatar. A rubuta takardar neman su washegarin sanarwa.

Tsohuwar jami'ar rumfa: Barista, a ƙara da abinci. Ejan ɗin da aka bari ba ruwa ba kuɗin mota tun safe, la'asar tana yi zai tafi, kuma ƙirga bayan magariba ake yi. A ba shi rabin haƙƙinsa da safe, rabi idan ya kawo takarda, a haɗa shi da batirin cajin waya.