Ruwan famfonmu yana zuwa ja duk ranar da aka dawo da shi, za a iya ba yara?

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada, Daura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni sukuni tun satin da ya wuce. Mu nan layinmu ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, wani lokaci sai a yi kwana huɗu biyar babu ko ɗigo, in ya tashi zuwa kuma sai da asuba ko tsakar dare, kowa ya fito da bokiti da baho da jarka ana ta tara. To duk ranar da ya dawo, na farko ja yake fitowa kamar an dama jar ƙasa, har da wani ɗan wari-wari, sai ya zuba kamar minti goma sannan ya fara washewa. Ni dai na farkon nakan yi wanki da shi ko in yayyafa tsakar gida, wanda ya washe in cika randa mu sha, haka muke yi shekara da shekaru.

Sai ga Husaini ya yi gudawa kwana uku, har idonsa ya faɗa, muka kai shi asibiti aka ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, Alhamdulillahi ya miƙe. Bai gama warwarewa ba 'yar maƙwabciyata ita ma ta kwanta da irin ciwon, kuma layin famfonmu ɗaya. Maigida ya ce mu koma fiya wata gaba ɗaya, to mu tara ne a gidan, ga zafin nan, jaka nawa za mu sha a rana? Inna kuma, wato mahaifiyarsa, ta ce a jefa alif a randa shi ke nan, su da shi suka tashi. Ni na rasa wacce zan kama. Wanda ya washe ɗin lafiyarsa ƙalau ne ko kuwa ido ne kawai yake ganinsa fes? Kuma alif ɗin ya wadatar?

Mai Gyaran Famfo, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Wannan aikina ne, bari in faɗa miki abin da nake gani da idona kusan kullum.

Jan nan kashi biyu ne. Akwai tsatsa, in fayif ɗin layinku tsohon na ƙarfe ne, ya kwana biyu babu ruwa ciki sai ya yi tsatsa, ruwa na dawowa da ƙarfi ya kankaro ta ya turo muku. Wannan ba daɗin gani amma ba shi ne abin tsoro sosai ba. Warin da kika ce ne ya tsaya mini a rai. Kin gane, fayif in yana cike da ruwa, ko ya tsage ruwa waje yake fita, shi ya sa za ki ga wuri ya jiƙe a bakin hanya. Amma da an ɗauke ruwa ya zama fanko, sai ya koma zuƙa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke, duk abin da ke kewaye da tsagar nan ciki zai shige. Yanzu ki duba yadda ake ja wa gidaje layi a garin nan, mutum don kada ya fasa siminti ko ya sayi ƙarin fayif biyu sai a bi da ɗan siririn na roba ta cikin kwata, a haɗa joyin babu isasshen gam, wani ma da robar tayar mashin ake ɗaurewa. Kwatar nan kuwa ruwan wanka da na wanke-wanke da abin da ya tsiyayo daga sokawe duk nan suke bi. Ruwan zai iya barin wurin tacewa da tsabtarsa, ko daga dam ɗin Sabke ne ko na Ajiwa da ke ba Katsina, an sa masa kulorin mai kashe ƙwayar cuta da komai, amma ya zo ƙofar gidanki ya gamu da kwata.

Masu sa injin jan ruwa kai tsaye a jikin layi su ma suna ƙara lalata abin, don injin yana ja da ƙarfi ko da ruwan ya yi rauni, sai layin maƙwabta ya yi ta zuƙar datti.

Ki ce wa maigida ranar da aka kawo ruwa ya fita da tocila ya bi fayif ɗinku tun daga inda aka yanko shi a babban layi har cikin gida. Inda ya ga ruwa na tsartuwa ko kumfa na tashi a cikin kwata, nan ne. A ɗaga shi sama da kwatar, a canza guntun, ba wani kuɗi mai yawa ba ne. Wani abu kuma, in kin ga ruwa ya zo fari kamar madara kada ki tsorata, ki zuba a kofin gilashi, in ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti biyu iska ce kawai.

Anti Nas

Maman 'yan biyu sannu da jinya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, washewar ruwa ba ta nuna lafiyarsa. Ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da atuni ido ba ya ganinsu, ruwa zai yi garai-garai kamar hawaye yana ɗauke da su.

Maganar Inna tana da gaskiya amma rabi. Alif aikinsa ya tattaro laka da datti su dunƙule su kwanta a ƙasa, a manyan wuraren tace ruwa ma ana amfani da shi, sai dai su ba sa tsayawa nan, bayan ya kwanta sai a tace sannan a sa kulorin. Alif ba ya kashe ƙwayar cuta. Don haka in ruwan da duhu, ki sa alif ɗan kaɗan, ya kwanta, ki tsiyaye na sama a wani mazubi, sannan ki yi ɗaya cikin biyu: ko ki tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ba wai ya yi zafi kawai a sauke ba, ko ki sa maganin ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs da ake samu a kemis. Ki bi awon da aka rubuta a jiki, ki rufe, ki jira minti 30 kafin a sha. Ɗan warin kulorin da za ki ji ba illa ba ne, shi ne ma alamar maganin bai ƙare a ciki ba. Kuma kada a zuba shi a ruwa mai laka, lakar ke cinye ƙarfinsa.

Amma wallahi abin da ya fi damuna a gidajenmu randa ce. Sau nawa na shiga gida na ga an dafa ruwa an wahala, an juye a randa, sai yaro ya dawo daga wasa ko daga bayi ya ɗauki moɗa daga ƙasa ya zurma har da hannunsa zuwa gwiwar hannu, ya sha ya mayar da sauran. Aikin ya tashi a banza. Ki samu moɗa mai dogon hannu ki rataye ta a ƙusa, wadda ake ɗiba da ita daban, kofin sha daban, murfi kullum a rufe, randar kuma a wanke ta kafin a sake cikawa, ba a yi ta ƙara sabo kan tsoho ba har ƙasanta ya yi santsi. In da hali bokiti mai ɗan famfo a jiki ya fi wa yara.

Ki riƙe wannan haɗin ruwan gishiri da sukari saboda gudawar dare: lita ɗaya na ruwan da aka dafa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Zinc ɗin da aka ba Husaini kada ki daina don ya warke, a cika kwana 10 zuwa 14 yadda aka ce miki. In kuwa kika ga gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, ko yaro ya daina fitsari, ko maɗigar jariri ta loɓa, ba a jira gari ya waye. Mu da muka yi aiki a 2021 ba za mu manta ba, kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya a shekarar, Katsina na cikin jihohin da suka ji jiki, kuma da yawa jinkirin kawowa ne.

Dattijon Kusugu

'Yata Allah ya raya miki su. Mu garin nan tarihinmu ma da ruwa ya fara, kowa ya san labarin rijiyar Kusugu da macijin da ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ni na ga zamanin kurkunu a ƙauyuka, damina ta faɗi manomi na kwance da tsutsa a ƙafa ana naɗe ta a tsinke. Babu allurar da ta kore shi, tace ruwa da ƙyalle ne da gina rijiyoyin burtsatse da hana mai ciwon shiga tafki, Janar Gowon da Jimmy Carter suka yi ta yawo a kai, har a 2013 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya. Abin da nake so ki ɗauka, kada Inna ta ji kamar an raina saninta. Ki ce mata a sa alif ɗin, sannan a ɗora a wuta. In babu alif, ƙwallon zogale busasshe a ɓare a daka, shi ma yana kwantar da laka.

Masu cewa a koma rijiyar gida kuma su auna tsakaninta da masai, nasu da na maƙwabci ta bayan katanga. Ana son kamar mita 30, gidajen cikin gari nawa ne ke da wannan filin?

Ɗan Mai'adua

Anti Nas ki yi haƙuri, maganarki daidai ce amma dafa ruwan mutum tara kullum da tsadar gas da icen nan ba kowa zai jure ba, sati biyu za a yi a bari. Ni a ganina maganin ruwan ya fi sauƙi, a bar dafawa ga jarirai da mara lafiya. Akwai kuma shanya ruwa a rana, gorar roba fara mai haske irin ta lemo, a cire takardar, a cika da ruwan da ya washe a kwantar kan kwanon rufi awa shida cikin rana mai ƙarfi, hasken na kashe ƙwayoyin. Rana kam ba mu rasa ta ba a nan. Ranar hadari ko hazo mai kauri sai an kwana biyu.

Fiya wata kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, a duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi, in leda ta sha rana har ruwan na ɗanɗanon roba a bar shi. Haka ruwan 'yan garuwa, bohol ɗin na iya zama mai kyau amma ki leƙa cikin jarkar, wata ta yi kore shar da gansakuka.

Anti Nas

Ban ƙi ba ƙanena, duk wanda gida zai iya ɗorewa a kai shi ne nasu. Abu ɗaya zan ƙara, dafawa da kulorin da rana ƙwayar cuta suke kashewa, ba sa cire guba irin dalma ko sinadarin takin zamani da ya tsiyaya cikin rijiya, dafawa ma ƙara masa kauri take. Wannan sai gwaji a ɗakin bincike. In unguwa ta haɗa kuɗi aka kai samfuri ɗaya na famfo ɗaya na bohol an huta da zato.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada, Daura

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da asuba aka kawo ruwa, maigida ya fita da tocila kamar yadda Malam mai gyara ya ce. Bai yi taku ashirin ba ya same shi, daidai lungun da ke tsakaninmu da maƙwabciyar tawa, fayif ɗin kwance tsamo-tsamo cikin kwata, an naɗe wurin haɗin da baƙar leda da roba, ruwa na ta tsartuwa ta gefe. Da na je na gani sai da cikina ya juya, wai abin da nake ba yarana ke nan. Gida huɗu ne a layin, an yi magana bayan sallar Azahar kowa ya kawo nasa, yau mai gyara na can yana ɗaga shi.

Na sayo maganin ruwan, na wanke randa na rataye moɗa, Inna ma da kanta ta sa alif ta ce a ɗora na yara a wuta. Malam mai gyaran famfo, saura tambaya ɗaya don Allah: akwai tankin roba a saman ɗakinmu da ruwan nan ya yi ta shiga, rabon da a buɗe shi tun da aka ɗora, da mi ake wanke shi kuma sai an zubar da na ciki duka?