Muhawara: Shin hasken leza na iya faɗar inda aka ƙera kayan tarihi?

Malam Sani: Jama'a, ana cewa na'urar da ke haɗa hasken leza da ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadarai ta kawo ƙarshen gardama kan asalin kayan tarihi, kuma ba ta yi wa kayan lahani, ni kuwa na gamsu da wannan magana. Lezar tana ƙona wurin da faɗinsa bai wuce na silin gashi ba, iskar hiliyam ta kwashi ƙurar zuwa cikin wutar argon mai zafin dubban digiri, sannan na'urar ta tantance sinadarai masu yawa a lokaci guda, har waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Tun 1985 da Alan Gray ya nuna wannan hanya a Ingila ake ta inganta ta.

Dokta Rabi: Malam, rami ko ƙarami ne sunansa rami, shi ya sa masu kula da gidajen tarihi ke cewa lahaninta kaɗan ne, ba sa cewa babu. Ga kuma sharaɗin cewa galibi dole abin ya shiga ɗan akwatin da ake harba lezar a ciki, don haka babban mutum-mutumi sai an ɓantari wani abu daga jikinsa. Amma wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce, na'urar tana faɗar abin da ke cikin kaya ne kawai, fassarar kuwa aikin mutum ce.

Malam Isa: Dokta, ai akwai inda fassarar ba ta da wuya. Baƙin gilashin da dutse mai aman wuta ke fitarwa, kowane dutse da irin haɗin sinadaransa, kuma fafe shi a yi wuƙa ba ya canza komai. Ta haka aka gane cewa na kogon Franchthi a Girka daga tsibirin Melos aka kawo shi, wato mutanen sun ƙetare teku tun kafin su fara noma.

Dokta Rabi: Gaskiya ne, sai dai an gano wannan tun kafin a fara amfani da leza, kuma misalin ya yi sauƙi saboda ba a narka dutsen. Mu koma kan ƙarfe. Jirgin ruwan Uluburun da ya nitse a gaɓar Turkiyya a ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa yana ɗauke da kusan tan 10 na jan ƙarfe, kuma nau'o'in darmar da ke cikin jan ƙarfen sun nuna tsibirin Cyprus. An iya gane haka ne domin curi ne da ba a gauraya ba. Idan maƙeri ya narka tsohon gatari da karyayyen takobi daga ma'adinai biyu ya yi sabon abu, sakamakon zai faɗa tsakaninsu, har ya iya yin kama da wata ma'adina ta uku da ƙarfen bai taɓa fitowa daga cikinta ba. Ga tsatsa kuma a saman tagulla, wadda sinadaranta suka bambanta da na ciki, ita ce lezar ke fara tarar da ita.

Hajiya Binta: Na gilashi ma haka yake. A zamanin Rumawa, a manyan matoya na Masar da gaɓar Sham ake narka yashi da kanwa, a aika da shi guntu-guntu zuwa garuruwa masu nisa inda ake hura kofuna. Sinadarai za su nuna inda aka ɗebo yashin, ba inda mai sana'ar ya zauna ba. Ko duwatsun ado na gilashi na Ile-Ife, masu yawan farar ƙasa da alminiyam da suka bambanta su da na waje, hujjar cewa a can aka yi su ta ƙara ƙarfi ne saboda tukwanen narka gilashi da aka tono a Igbo Olokun, wani wuri a Ile-Ife.

Malam Sani: Hajiya, amma da ba a auna sinadaran ba, da har yau ana iya cewa shigo da gilashin aka yi, a tukwanen aka sake narka shi kawai. Na janye maganar kawo ƙarshen gardama a kan ƙarfe, ban janye ta a kan wannan ba.

Dokta Rabi: To Malam, sai ka nuna mana an auna yashin kowane wurin da ake zaton ya fito, domin inda ba a auna ba na'urar ba ta da abin kwatantawa.