Musayar Waƙa a Kan Ƙauyen Tiristan da Kunya

Malam Mai Taswira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ga baitina na buɗewa,
A kan Tiristan da Kunya, tsibirin da teku ke kewayewa.
A kudancin Atlantika yake, dutse guda mai tasowa,
Ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, gajimare ke lulluɓewa.
Faɗinsa murabba'in kilomita 98 ne, gangare ya ci mafi yawa,
Ɗan fili ne ya rage a arewa maso yamma, nan mutane suka samu ginawa.
Ƙauye ɗaya ne tak, mutanensa ba su kai 300 ba kuwa.
Malama, wannan gari ne ko kurkuku marar ƙofar ficewa?

Malama Mai Ƙidaya:
Wa alaikumus salam Malam, tambayarka ta isa amsawa.
Gaskiya babu filin jirgin sama, jirgin ruwa kaɗai ke zuwa,
Daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, kilomita kusan 2,800, wajen kwana shida kafin isowa.
Amma ka tuna 1961, lokacin da wuta dutsen ya fara amayowa,
Aka kwashe su kaf, su 264, Ingila ta zama wurin fakewa.
Sun ga tituna da manyan shaguna, ba su ji sha'awar zaunawa,
A 1963 mafi yawansu suka ɗaure kaya suka yi komawa.
Wane fursuna ne ke roƙon a mai da shi bayan kuɓucewa?

Baba Mai Garke:
'Ya'yana, ku dubi ƙasar, ita ce ke yin iyakancewa.
Filin na jama'a ne duka, baƙo ba ya samun sayewa,
Shanun kowane gida ma da adadi, don ciyawa ta yi isarwa,
Kowa da kuyyan dankalinsa, ya kange da dutse don iska mai kaɗawa.
Tun zuwan sojan Ingila a 1816 zuriyar ta fara kafuwa,
Sunayen danginsu ba su cika goma ba in ka yi ƙirgawa.
Sunan tsibirin na wani matuƙin jirgi ne ɗan Fotugal, kunnena dai "da kunya" yake jiyowa.

Malam Mai Taswira:
Na janye kurkuku, Malama, Baba na gode da ƙarawa.
Sai dai ciwon da ya fi ƙarfin ɗan asibitinsu yana nan da damuwa,
Majiyyaci zai zuba wa teku ido har jirgi ya yi ɓullowa.