Waɗanda suka taɓa jiran labarin inda LeBron zai koma, ya kuka yi?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar LeBron James, tauraron ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, ta sake tasowa a majalisarmu, kamar yadda take yi duk ƙarshen kaka tun da ya haura shekara 40. Wannan ya ce Cleveland zai koma ya yi ritaya a gida, wancan ya ce Golden State za shi wajen Stephen Curry, wani kuma ya rantse ba inda zai motsa daga Lakers. Hasashe dai mun ƙoshi da shi. So nake waɗanda suka ga 2010 da 2014 da 2018, shekarun da ya sauya ƙungiya, su ba mu labarin yadda jiran ya kasance, da abin da ake ta faɗa kafin gaskiya ta fito.

Tsohon Ɗan Kwando:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na 2010 ina makaranta. Tashar wasanni ta ESPN ta ware sa'a guda sukutum don ya faɗi ƙungiyar da ya zaɓa, ranar 8 ga Yuli, ƙarfe 9 na dare a can, mu a nan ƙarfe 2 ke nan. Kuma lokacin gasar kofin duniya ce ta Afirka ta Kudu, Sifaniya ta fitar da Jamus kwana ɗaya kafin nan, ba mai lokacin ƙwallon kwando. Sai da muka yi karo-karo muka sayi man janareto kafin mai gidan kallo ya yarda ya buɗe mana. Yana ta mita, wai ba wasa za a buga ba, mutum ɗaya ne zai zauna kan kujera ya yi magana, shi ne za mu hana shi barci.

Ƙungiyoyi shida ne suka gana da shi: Cleveland, New York, New Jersey, Chicago, Clippers da Miami. A ɗakinmu New York ce kan gaba, don kowa na cewa can kasuwa take. Masu Chicago kuma hujjarsu Derrick Rose. Abin dariya, kwana ɗaya kafin shirin Dwyane Wade da Chris Bosh sun riga sun ce a Miami za su buga, amma muka ce ai LeBron ba zai shiga gidan wani ya zama na biyu ba. An kusa rabin sa'a ana jan magana kafin ya ce South Beach ya nufa, wato Miami. Wani yaro a bayana ya ce, "Wace ƙungiya ce kuma wannan?"

Baƙon Ohio:
Yaya, ku a can dariya kuka yi, mu a nan abin bai yi daɗi ba. Ina jihar Ohio lokacin, inda Cleveland take, ƙungiyar da ya bari. A talabijin muka ga ana ƙona rigarsa mai lamba 23, cikin 'yan kwanaki aka sauke katafaren hotonsa da ke jikin wani gini a tsakiyar Cleveland. Mai ƙungiyar, Dan Gilbert, a daren ya saki wasiƙa yana kiran abin cin amana, har da alkawarin Cleveland za ta riga shi cin kofi. Miami ta ci a 2012 da 2013.

Na 2014 shi ne na ga haukar jita-jita da idona. A wurin aikina ba mai aiki, kowa waya a hannu. Ana bin diddigin jirgin Gilbert a intanet don an ga ya nufi Florida. Aka lura an cire wasiƙar nan daga shafin ƙungiyar, nan ma surutu ya ƙaru. Mutane suka riƙa zuwa da motoci ƙofar gidansa kusa da Akron suna tsaye, sai da 'yan sanda suka zo. Wani abokin aikina, dattijo ne, shi ne ya fi kowa zaginsa a 2010, ranar Juma'a 11 ga Yuli da mujallar Sports Illustrated ta buga cewa zai dawo gida, na gan shi yana share hawaye a wajen injin shayi. Ban ce masa komai ba. Bayan shekara biyu suka ɗauki kofi a hannun Golden State, bayan an yi musu 3-1.

Ɗan Tudun Wada:
Ikon Allah. Ashe na 2014 masu jita-jitar sun dace.

Baƙon Ohio:
Sun dace, amma ka sani a satin akwai masu rantsuwa cewa Miami zai zauna, har da manyan 'yan jarida. Bayan labari ya fito ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Maman Biyu:
Ni na 2018 na sani, ta dalilin maigidana da ƙannensa da suka mayar min da falo filin muhawara. Argentina ta riga ta fitar da Najeriya daga gasar Rasha, sai suka juyo kan LeBron. Ƙaramin ya kafe a kan Philadelphia saboda Joel Embiid da Ben Simmons, har yana nuna mana hoton allunan talla da aka kafa a Cleveland ana roƙonsa ya je can. Maigidan ya ce Houston, tunda James Harden da Chris Paul sun ci wasa 65 a kakar, sun kuma ja Golden State har wasa na bakwai. Duk lissafinsu kofi ne.

Na tambaye su ina iyalinsa suka fi zama idan an yi hutu. Suka ce yana da gidaje a Los Angeles, kamfaninsa na shirya finafinai ma can yake. Na ce to me kuke musu a kai? Suka ce Lakers shekara biyar ba ta shiga wasannin neman kofi ba, wasa 35 kawai ta ci. Ranar 1 ga Yuli kamfanin wakilinsa, Klutch, ya fitar da 'yar gajeruwar sanarwa: Lakers, shekara huɗu, kusan dala miliyan 154. Ba shirin talabijin, ba doguwar wasiƙa. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, ya kai shekara 33, ba kofi kaɗai yake dubawa ba. Har yau idan na tuna musu sai su ce sa'a ce.

Bazazzagi:
Hajiya kin yi gaskiya. Mu namu jiran na Kawhi Leonard ne a 2019, don Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto Raptors a lokacin, a Zariya ya tashi, shi ya kawo Kawhi Toronto, suka ci kofi. A filin da muke atisaye kowa ya zama ɗan Raptors. Har jirgi mai saukar ungulu wata tashar Toronto ta tayar yana bin mota daga filin jirgin sama, ana zaton shi ne a ciki, mu kuma muna nan muna ƙona data muna kallon mota a kan titi. Da safe muka tashi muka ji Clippers, tare da Paul George da ba wanda ya ambaci sunansa duk satin. Kawhi ɗan Kalifoniya ne, inda Clippers take, gida ya koma.

Malamin Lissafi:
Abin da yawancin masu hasashe ke tsallakewa shi ne NBA ba kamar ƙwallon Turai ba ce da mai kuɗi zai zuba ya saya. Akwai iyakar albashi, kuma idan musaya za a yi sai albashin ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna. Ɗan wasa mai karɓar sama da dala miliyan 50 a shekara, ƙungiyar da ke son sa sai ta ba da 'yan wasa biyu ko uku masu amfani. Ku tuna Damian Lillard a 2023. Ya ce Miami yake so, duk duniya ta sa masa rigar Miami a hoto, ni kaina na yi wata biyu ina gardamar wa Miami za ta bayar. A ƙarshen Satumba Portland ta tura shi Milwaukee. LeBron dai ya bambanta, don kwantiragin da ya sa wa hannu a 2024 ya zo da sharaɗin ba a musayarsa sai da yardarsa, kuma a shekarar Lakers ta ɗauki ɗansa Bronny.

Tsohon Ɗan Kwando:
Malam, duk da haka kar a ce ba ya yiwuwa ya bar Lakers. Hakeem Olajuwon kaka 17 ya yi a Houston, ya ci musu kofi a 1994 da 1995, amma a Toronto ya buga kakarsa ta ƙarshe. Yayyenmu da suka gan shi cikin rigar Raptors a 2001 sun ce abin bai zauna musu ba sam.

Maman Biyu:
To ni dai kafin ku fara lissafin albashi, a bincika min inda matarsa ke son zama.