Wai da gaske a ɗakin nan aka haifi Abraham Lincoln?

Ɗan Zariya: Jama'a ku ga ikon Allah, ɗakin gumagumai ne ɗan ƙarami a wata gona kusa da Hodgenville a jihar Kentucky ta Amurka, nan aka haifi Lincoln, tsohon shugaban Amurka, ranar 12 ga Fabrairu 1809, har yau yana nan sun gina masa katafaren gini na dutse sun rufe shi a ciki, matakala 56 daidai da shekarunsa a duniya.

Malamin Tarihi: Gonar kam ita ce, wannan ba gardama. Amma ɗakin ba shi ba ne ɗan'uwa.

Ɗan Zariya: Haba malam, shugaba Roosevelt ne fa ya aza harsashin ginin a 1909, shugaba Taft ya buɗe a 1911, duk a kan ƙarya kenan?

Malamin Tarihi: To ai su ma abin da aka faɗa musu suka ɗauka. Baban Lincoln, Thomas, ya sayi gonar a 1808, rikicin takardun fili ya sa suka tashi a 1811 yaron bai wuce shekara biyu ba. Sai a 1894 wani ɗan kasuwa na New York, Alfred Dennett, ya sayi wurin, lokacin babu ɗaki a tsaye, aka je aka sayo na wani maƙwabci aka kwance aka kafa a nan don mutane su zo kallo su biya, da masu zuwa suka yi ƙaranci sai aka sake kwance shi ana yawo da shi baje koli, a Nashville a 1897 ma gefe da gefe aka ajiye shi da wani ɗakin da aka ce na Jefferson Davis ne, shugaban 'yan tawayen kudu da suka yaƙi gwamnatin Lincoln, kuma garin loda da saukewa gumaguman suka gauraya.

Bakatsiniya: Kai! Wato ta yiwu akwai itacen ɗakin abokin gabarsa a ciki kenan, lallai.

Baban Yara: Ni dai ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Gidan kakana na ƙasa ne, an yi yaɓe ya fi a ƙirga, an canja azara, katanga ta faɗi an tayar, kuma har gobe gidan kaka muke ce masa.

Bakatsiniya: A'a Baba, naku a kan harsashinsa yake kuma jininsa ne a ciki. Wannan fa ɗakin wasu bayin Allah ne daban da suka sare itacensu suka gina suka haifi 'ya'yansu, yanzu ko sunansu ba a ambata, an maƙala wa wani gadonsu.

Ɗan Zariya: To wa ya tabbatar? Ƙila maƙwabcin ne ya kwashi itacen tsohon ɗakin tun farko, ai an faɗi haka a lokacin.

Malamin Tarihi: An faɗa ƙwarai, masu son a sayi tikiti ne suka fi yayata shi. A 2004 masana suka duba layukan da ke zagaye cikin itacen, kowane layi shekara guda, suka ga an sare su ne wajen 1848 zuwa sama, lokacin Lincoln ya kusa arba'in har ya shiga majalisa. Wani abin dariyar ma, da aka gama ginin dutsen, ɗakin ya yi masa girma, sai da aka rage shi. Hukumar da ke kula da wurin da kanta ta daina cewa na asali ne, alama kawai take kiransa.

Baban Yara: To ai shi kenan tunda ba su ɓoye ba. Irin ɗakin ne dai, ƙofa ɗaya taga ɗaya daɓen ƙasa, yaro ya gani ya san daga ina mutumin ya taso.

Bakatsiniya: Na yarda Baba, amma a rubuta sunan masu ɗakin a jiki tukuna.

Ɗan Zariya: To malam me ya rage na gaske a wurin kenan?

Malamin Tarihi: Maɓuɓɓugar ruwan da ke ƙasan tudun, Sinking Spring, daga ita gonar ta samo suna, kuma nan iyayen Lincoln suke ɗiban ruwa a lokacin. In ka je can za ka yi hotonka.